Littattafan da Suka Iso Cikin Motar Albasa

Littattafan sun iso Legas ne a cikin motar albasa. Ƙanena direban babbar mota ne, yana ɗauko kayan gwari daga Arewa yana saukewa a kasuwar Mile 12, kuma tun wajen ƙarshen watan Yuni na roƙe shi da ya biya ta wurin masu sayar da littattafai a Kano ya haɗo mini duk abin da ya samu daga cikin sunayen da na tura masa ta waya. Da ya iso sai ya kira ni, na je na same shi da yamma ana tsaka da sauke buhuna, ƙasa ta yi caɓi saboda ruwan da aka wuni ana zubawa kamar da bakin ƙwarya. Ya zaro wata baƙar leda daga bayan kujerarsa ya miƙo mini, ya ce, "Yaya, ga saƙonka. Mai shagon har tambayata ya yi ko makaranta za ka buɗe." Littattafai bakwai ne a ciki, waɗansu sabon bugu, waɗansu kuma takardunsu sun yi ja saboda daɗewa a kan kanta, kuma dukkansu sun kwashi warin albasa, wanda har watan ya ƙare bai gama rabuwa da su ba.

Niyyata ita ce in ware watan Yuli gaba ɗayansa in karanta ƙagaggun labarai na Hausa don jin daɗi kawai, ba don wata jarrabawa ko don in samu abin faɗa a cikin taro ba. Shekarata goma sha shida ke nan a Legas, ina aikin akawu a wani kamfani da ke kan tsibiri, ina zaune da iyalina a Agege. Wunina duka karatu ne, amma karatun lambobi da rasidai da saƙonnin waya, kuma rabona da in ɗauki littafin labari in kai shi ƙarshe tun ina sakandare. Abin da ya farkar da ni shi ne rasuwar da aka yi wa kawuna a watan Mayu. Hali bai ba ni damar zuwa gida nan take ba, don haka bayan na yi masa ta'aziyya ta waya sai na zauna in rubuta masa doguwar wasiƙa irin wadda nake ganin mahaifina yana rubutawa, wadda mutum zai ajiye ya riƙa dubawa. Na fi rabin awa riƙe da biro, kuma duk jimlar da na faro sai in tarar da Turanci ya tsaya mini a tsakiyarta, kalmar Hausar da nake nema tana kusa amma ta ƙi fitowa. Na gama wasiƙar da ƙyar, na aika, amma abin ya tsaya mini a rai ƙwarai, domin harshen da na sha a nono ne ya gagare ni a daidai lokacin da na fi bukatarsa.

Wanda bai zauna a nan ba zai yi mamakin wannan magana, tunda Hausa ba baƙuwa ba ce a Legas. Ana jin ta a Agege da Idi-Araba da Obalende da Alaba Rago, ana jin ta a mayankar Oko-Oba da bakin 'yan canji da teburin mai shayi da wurin mai tsire, har Yarbawan da muke cuɗanya da su a kasuwa da yawansu suna yin ta. Sai dai Hausar da muke yi a nan gajeriya ce. Hausar gaisuwa ce da ciniki da tambayar hanya, wadda ake yankewa da wuri domin kowa yana sauri, ga ƙarar mota, ga kwandasta yana kiran fasinja. Ba laifin kowa ba ne, haka garin yake. Amma wanda ya shekara goma sha shida bai ji an ja masa zance mai tsawo ba, zance mai shimfiɗa da kwana da saukarwa, to sannu a hankali zai rasa yadda ake ƙulla irinsa, ko da kuwa kullum da Hausa yake kwana yake tashi. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, kuma ni ta wajen harshe na fara ganin gaskiyar wannan karin magana.

Dokar da na kafa wa kaina mai sauƙi ce: zan yi karatu a cikin jirgin ƙasa safe da yamma, sannan in ƙara awa ɗaya bayan sallar isha'i. Jirgin da ke tasowa daga Agbado zuwa Oyingbo, wanda ya fara ɗaukar fasinja a watan Oktoba na 2024, yana tsayawa a Agege, kuma shi ya sa wannan niyya ta zama mai yiwuwa. A cikin danfo, wato ƙaramar bas ɗin haya ta Legas, ba a karatu. Gwiwarka tana manne da kujerar gaba, gwiwar hannun maƙwabcinka tana haƙarƙarinka, rabin hankalinka yana wurin aljihunka, ragowar kuma yana wurin canjin da kwandasta bai ba ka ba. A jirgi kuwa, in ka yi sa'ar kujera, kana da zama natsattse daga Agege ka ratsa Ikeja da Oshodi da Mushin da Yaba har Oyingbo, kafin ka sauka ka nemi motar da za ta tsallaka da kai tsibiri.

Kwana huɗun farko sun yi mini wuya fiye da yadda na zata. Ina karanta shafi ɗaya sai in ji hannuna ya kai kansa aljihu yana laluben waya, ba don wani ya kira ni ba, sai don sabo. Sau da yawa nakan kai ƙarshen sakin layi in tarar ban san abin da na karanta ba, in koma farko. A rana ta biyar na yanke shawarar saka wayar a can ƙasan jaka, ƙarƙashin kwanon abincina, yadda ciro ta zai zama aiki. Daga ranar ne karatun ya fara zama.

Na fara da Abubakar Imam, domin shi ne na san ba zai ba ni kunya ba. Ruwan Bagaja ɗan ƙaramin littafi ne, na cinye shi cikin kwana uku, kuma rikicin da ke tsakanin mai ba da labarin da Malam Zurƙe ya sa ni dariya a fili a tsakiyar jirgi, har wata mata da ke kusa da ni ta leƙo bangon littafin ta tambaye ni da Turancin kasuwa ko wane yare ne wannan. Abin da ban lura da shi ba lokacin da muke yara shi ne ƙuruciyar marubucin. An haifi Imam a Kagara a 1911, kuma ya rubuta littafin ne domin gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin jagorancin Dokta R. M. East, wato yana ɗan shekara ashirin da biyu. Daga waccan gasa ce aka samu littattafai biyar da ake lissafawa a matsayin tushen ƙagaggun labarai na Hausa a rubutun boko, har da Ganɗoki na Bello Kagara da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo da Jiki Magayi na John Tafida tare da shi East ɗin. Wato a lokacin da suke rubutun babu wani littafin ƙagaggen labari na Hausa a boko da za su duba su kwaikwaya. Abin da ke hannunsu shi ne tatsuniya da hikaya da labaran da suka sani a littattafan Larabci da na Turanci, da kuma kunnen da ya saba jin zancen manya a zaure. Wannan kunne shi nake ji a cikin rubutun, kuma shi ne abin da na rasa.

Littafin da ya fi daɗewa a raina shi ne na biyar daga cikin waɗancan, wato Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka buga a 1934. Na taɓa karanta shi a makaranta, amma karatun neman maki ne, muna haddace sunayen garuruwa da na mutane domin mu zuba su a takardar jarrabawa. A lokacin na ɗauka labarin wani malami ne mai haƙuri da ya zauna a Rauta yana ba ɗalibansa tarihin rayuwarsa, yadda makirci ya raba mijin uwarsa Makau da fada, yadda aka sace shi yana ƙaramin yaro, yadda Balarabe Abdulkarim ya tsallaka sahara da shi ya rene shi ya ba shi ilimi. Duk wannan yana nan. Amma a wannan karon da na karanta shi ina da 'ya'ya, kuma ina da tsohuwa a Arewa da nake gani sau ɗaya ko sau biyu a shekara, sai na tarar littafin ba na Umar ba ne shi kaɗai, na mahaifiyarsa ne. Mace ce da ta bar duk abin da take da shi ta bi sawun ɗanta, aka yaudare ta, ta faɗa cikin bauta, aka ratsa hamada da ita har Tarabulus, kuma ba ta sake saka shi a ido ba sai da ƙarfinta ya ƙare, ta rasu jim kaɗan bayan sun haɗu. Marubucin bai tsaya yi mana kuka a wurin ba. Ya faɗi abin da ya faru da 'yan kalmomi ya wuce, kuma wannan kamewar ce ta sa na rufe littafin a daidai Mushin na juya fuskata wajen taga, don kada mutane su ga idona.

Ofishinmu ba shi da nisa da Dandalin Tafawa Ɓalewa, tsohon filin sukuwa inda aka yi bikin karɓar mulkin kai ranar 1 ga Oktoba, 1960. Na ratsa ta bakin ƙofarsa, ƙarƙashin manyan gumakan fararen dawakan nan, ba adadi, ban taɓa haɗa sunan wurin da littafi ba. A wurina, kamar yadda yake a wurin yawancin masu wucewa, sunan tashar mota ne, ko kuma fuskar da ke jikin takardar naira biyar. Ranar da na gama littafin, da aka tashi cin abincin rana, sai na taka zuwa can na tsaya na ɗan lokaci. Mutumin da aka sa wa wannan fili sunansa, wanda ya zama Firayim Minista ya zauna a wannan gari har aka kashe shi a juyin mulkin watan Janairu na 1966, ya taɓa zama saurayin malamin makaranta a Bauchi da ya zauna ya yi tunanin halin da uwa take shiga idan aka raba ta da ɗanta, ya rubuta shi da Hausa mai tsabta. Ban san dalili ba, amma sanin haka ya sa na ji Legas ta ɗan matso kusa da gida.

Da dare kuwa karatun ya ɗauki wata kama da ban shirya mata ba. A mako na biyu aka ɗauke wuta kwana uku a jere, yara ba su da abin kallo, ni kuma ina zaune a tabarma da fitilar caji ina karanta Magana Jari Ce, wanda Imam ya fara fitarwa a 1937 ya kai shi littafi uku. Babbar 'yata, wadda aka haifa a nan Agege, wadda Yarbancinta ya fi Hausarta gudu, ta zo ta zauna kusa da ni ta ce, "Baba, me kake karantawa kake murmushi kai kaɗai?" Na ce mata labarin wani aku ne da yake ta ba ɗan sarki labarai don ya hana shi fita. Ta ce in karanta da ƙarfi. Kafin in kai ƙarshen labari na farko ƙannenta biyu sun matso, uwarsu ma ta bar abin da take yi ta jingina da bakin ƙofa.

Karatu a bayyane ya tona mini abubuwa biyu. Na farko, bakina ya yi tsatsa. Nakan yi tuntuɓe a wurin da jimla ta yi tsawo, in saki numfashi inda bai kamata ba, sai na koma na sake ɗaukowa. Na biyu, yarana ba su san kalmomi da yawa ba, kuma ba laifinsu ba ne, tunda ba su taɓa ganin abubuwan ba. Suka tambaye ni mene ne zaure, mene ne barga, wane ne dogari, mene ne bambancin waziri da galadima. Wani dare zancen fatake ya taso, na ce musu ayari yakan yi tafiya ƙarƙashin madugu, idan rana ta yi sai a yada zango. 'Yar tawa ta katse ni ta ce, "Baba, Zango irin namu na nan?" Ita a saninta Zango sunan unguwa ne kawai a Agege, inda ƙawayenta suke, inda ake zuwa sayen fura. Sai na ajiye littafin na yi mata bayani cewa zango shi ne wurin da matafiya ke sauke kaya su huta su kwana, kuma Hausawan farko da suka zauna a Agege fataucin goro ne ya kawo su, suna saye suna loda shi a jirgin ƙasa zuwa Arewa, bayan layin dogo ya isa Kano a 1911, shi ya sa wurin da suka sauka ya ci wannan suna. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce ashe sunan unguwar tasu magana ce. Da ban samu komai a watan nan ba sai wannan dare, da ya ishe ni.

Ba kowa ne ya ga abin da kyau ba. Wata safiyar Asabar ina zaune a teburin mai shayin da ke kusa da masallacinmu, littafi a buɗe a gefen kofi, sai wani dattijo mai sayar da goro, wanda ya zo Ikko, kamar yadda yake kiran garin har yanzu, tun kafin a haife ni, ya dube ni ya ce, "Ɗana, kai ma ka shiga karatun ƙarya? Mutum da girmansa da iyalinsa, ga Alƙur'ani ga littattafan sani." Na ce, "Baba, ban bar waɗancan ba, wannan na hutun rai ne." Ya girgiza kai ya ce lokaci amana ne, za a tambaye mu yadda muka ɓatar da shi. Ban yi masa musu ba, domin maganarsa tana da tushe, kuma irin tarbiyyar da aka yi mana ke nan: karatu ko dai na lahira ne ko na neman abinci, abin da ya fita daga waɗannan biyu kuwa wasa ne. Na daɗe ina juya zancen. Abin da na tsaya a kai shi ne, ƙarya ita ce ka gaya wa mutum abin da bai faru ba da nufin ya ɗauka ya faru. Mai ƙagaggen labari kuwa tun daga bango ya sanar da kai cewa ƙirƙira ce, kamar yadda kakanninmu mata suke buɗe tatsuniya da ga ta nan ga ta nanku, su rufe da cewa ba don gizo ba da sun yi ƙarya. Babu wanda aka yaudara. Kuma waɗannan tsofaffi da suka yi mana tatsuniya su ne dai suka tashe mu sallar asuba, ba su ga karo tsakanin abubuwan biyu ba. Da na sake haɗuwa da dattijon bayan mako guda, shi da kansa ya tambaye ni ko labarin akun nan yana cikin littattafan da aka kawo mini, domin malaminsu na elementare yakan karanta musu shi ranar Alhamis kafin a tashi.

Akwai kuma wani hukunci da na daɗe da yankewa ba tare da na saurari shaida ba, wanda watan nan ya tilasta mini warwarewa. Maiɗakina ta daɗe tana karanta littattafan da marubuta mata ke rubutawa, waɗanda ake yi wa kuɗin goro a kira su littattafan soyayya ko adabin kasuwar Kano, kuma ni a raina na ɗauke su abin rage lokaci maras nauyi, ko da yake ban taɓa buɗe ko ɗaya ba. Ita ce ta sa aka ƙara sunan Alhaki Kwikwiyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu a cikin jerin da na tura wa ƙanena, ta ce, "Maigida, karanta wannan tukuna, sannan mu yi magana." Littafin ya fito ne a 1990, kuma a 2012 wata maɗaba'a a ƙasar Indiya ta buga fassararsa ta Turanci da Aliyu Kamal ya yi. Labarin Rabi ne, matar wani ɗan kasuwa, uwar 'ya'ya tara, wadda mijinta ya ƙuntata wa, ya yi mata kishiya, ya kore ta, ta koma sayar da abinci don ta riƙe yaranta. Abin da ya kama ni, wataƙila saboda sana'ata, shi ne yadda marubuciyar ta san lissafin gida. Ta san abin da kuɗin cefane ke iya saya da abin da ba ya iya saya, ta san yadda mace ke cike giɓin daga ɗan abin da take juyawa ba tare da kowa ya gode mata ba. Ban taɓa karanta wani rahoto da ya nuna mini wannan fili kamar yadda labarin ya nuna mini ba, kuma na san gidaje a unguwarmu ta can gida da a nan Agege da za a iya cire sunan Rabi a saka na matan cikinsu.

A kan wannan littafi ne jirgi ya wuce da ni. Muna dawowa da yamma, na dulmuya cikin wurin da wuta ta cinye shagon mijin, ban ji sanarwar Agege ba, ban ga mutane suna sauka ba, sai da na ɗaga kai na ga Iju. Na sauka cikin yayyafi na nemi mota na dawo baya, na iso gida bayan magariba. Da na gaya wa maiɗakina dalili ba ta ce komai ba, ta dai zuba mini abinci, sannan ta zauna ta tambaye ni ra'ayina game da yadda labarin yake tafiya. Muka yi hira har dare ya raba, muna saɓani a kan ko ya dace Rabi ta koma gidan ko bai dace ba, kuma na jima ban ji mun yi doguwar magana irin wannan a kan wani abu da ba kuɗin makaranta ko kuɗin haya ba.

Ba duk abin da na taɓa ne ya yi mini daɗi ba. Biyu daga cikin bakwai ɗin ban kai su ƙarshe ba, domin tun daga babi na uku na gane inda za su, kuma mutanen cikinsu ba su da wani hali sai kyau da dukiya. Na kuma gwada ɗaya daga cikin dogayen labaran da ake turawa kashi-kashi ta WhatsApp, waɗanda su ne yawancin matasa ke karantawa yanzu. Marubuciyar tana da baiwar riƙe mai karatu, wannan ba na ja, amma rubutun ya gajiyar da ni: babu ƙugiya a kan haruffa, sai ka tsaya ka yi tunani ko ƙasa ake nufi ko kasa, kalmomi a haɗe inda ya kamata a raba su, ga Turanci a tsakiyar kowace jimla ba tare da wata bukata ba. Ba na raina waɗannan marubuta, domin su ne suke riƙe da masu karatu a lokacin da buga littafi ya yi tsada, kuma gasa irin Hikayata da sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ta nuna cewa akwai mata masu alƙalami ƙwarai a cikinsu. Abin da suka rasa shi ne edita, wanda zai zauna da rubutun ya tace shi kafin ya fita, irin aikin da aka yi wa littattafan Zariya. Na ajiye labarin ba tare da jin nauyi ba, tunda na riga na yi wa kaina alkawari cewa a wannan wata ba zan karanta komai don dole ba.

Wani abu da ya dame ni shi ne wahalar samun littafin Hausa a garin da Hausawa suka yi yawa haka. Na zaga wurin masu baza tsofaffin littattafai a Yaba da Ojuelegba da kewayen CMS, na ga na Turanci tuli, daga na makaranta har na labarai, amma ban ci karo da na Hausa ko ɗaya ba. A bakin masallatan Agege akwai masu sayar da littattafai, sai dai na addini ne, tare da carbi da turare da hula. Da na tambayi ɗaya daga cikinsu sai ya ce da yana kawowa, amma waya ta kashe kasuwar. Wato in ba ka da ɗan'uwa direba, ko wani mai zuwa gida, to sai ka haƙura.

A daren ƙarshe na watan na ɗauko biro da takarda na sake rubuta wa kawuna wasiƙa, wannan karon ta gaisuwa da tambayar lafiya da labarin yara. Ta cika shafi biyu, kuma sau ɗaya kawai na tsaya neman kalma. Na ninke ta na saka a ambulan, na haɗa da sabon jerin sunayen littattafai, domin ƙanena zai juya Arewa ranar Laraba in ya gama sauke kaya. Daga cikin littattafan da na gama na ba wa maigadin layinmu aron biyu, wani ɗan Sakkwato da yake kwana a zaune ba shi da abokin hira sai rediyo. Magana Jari Ce kuwa bai bar gidan ba, domin muna tsakiyar littafi na biyu, kuma yanzu 'yata ce take karanta shafin farko na kowane dare tana bin layi da yatsa, in ta gaji ta miƙo mini in ci gaba.